Tabilet mai araha ko ƙaramar laftop ta hannu: wacce ta fi dacewa da aikin yau da kullum?

Malamar sakandare, Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ni malama ce a makarantar sakandare, ina koyar da Hausa, kuma ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata ta adashi a unguwarmu. Aikina na yau da kullum bai wuce rubuta tsarin darasi, shirya tambayoyin jarrabawa, shigar da makin ɗalibai a Excel a ƙarshen kowane zango, da rubuta bayanin taron ƙungiya da lissafin zubi ba, sai kuma karanta littattafai da takardun da ake turo mana ta WhatsApp. Har yanzu a waya nake yin abin da ya samu, wanda ya fi ƙarfin waya kuma in kai shagon buga takardu in biya kuɗin kowane shafi, kuma ban ji daɗin yadda tambayoyin jarrabawa suke bi ta hannun wasu kafin ranar jarrabawar ba.

Kuɗin da ke hannuna zai iya sayen ɗaya daga cikin abubuwa biyu. Na farko shi ne sabuwar tabilet ta Android mai allo inci 10 ko 11, tare da kibod ɗin da ake haɗawa ta Bluetooth. Na biyu shi ne ƙaramar laftop ta hannu mai allo inci 12 ko 13, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Abin da ke jan hankalina zuwa tabilet shi ne sabuwa ce fil, ba ta da nauyi, kuma batirinta yana daɗewa, domin wutar lantarki a unguwarmu ba ta da tabbas ko kaɗan. Abin da ke sa ni ja da baya kuma shi ne tsoron kada in saya in tarar babbar waya ce kawai na ƙara wa kaina. Ina roƙon wanda ya yi aiki da su biyun ya gaya mini gaskiyar abin da ya gani. Allah ya saka da alheri.

Mai gyaran kwamfuta, Titin Beirut, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Idan aka dubi ayyukan da kika lissafa, kusan dukkansu rubutu ne da lissafi, wato ke ce mai samar da takardar, kuma a irin wannan aiki ina ganin laftop ce ta fi cancanta, da sharaɗin ki san irin wadda za ki saya. Dalilina na farko shi ne manhajar kanta. Word da Excel na Android sunansu ɗaya da na Windows, amma an rage musu abubuwa da dama. A Word na Windows kina iya haɗa jerin sunayen ɗalibai da makinsu da ke Excel da takarda guda ɗaya, kwamfuta ta fitar miki da katin sakamakon kowane ɗalibi da kanta, ko da ɗaliban sun kai ɗari biyu, alhali wannan dama babu ita a Word na tabilet. Haka kuma idan makarantarku tana amfani da fayil ɗin Excel da aka saka masa macro, wato jerin umarni da ke yin lissafi da kansa, domin ya fitar da matsayi da matsakaicin maki, tabilet za ta buɗe fayil ɗin amma macro ɗin ba zai yi aiki ba. Sannan akwai batun firinta, domin yawancin tsofaffin firintocin da ke ofisoshin makarantu da igiyar USB suke aiki, kuma direbobinsu, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da su, na Windows ne.

Sai dai ba kowace ƙaramar laftop nake nufi ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara. Akwai ƙananan laftop sababbi masu kyan gani da araha, masu injin Celeron, RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita lokacin da take kunne) giga 4 da ma'adanar fayiloli ta eMMC giga 32 ko 64. Waɗannan, da zarar Windows ta yi sabuntawa kaɗan sai ma'adanar ta cika, kuma RAM ɗin da ma'adanar a manne suke da allon uwa, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke kai, ba a iya ƙara su. Araha ba ta ado. Abin da nake ba masu irin aikinki shawara shi ne laftop ta ofis wadda kamfanonin waje suka yi amfani da ita suka sayar, kamar Lenovo ThinkPad X280, Dell Latitude 7290 ko HP EliteBook 830 G5, mai RAM giga 8 da ma'adanar SSD giga 256. An ƙera su ne domin a riƙa buɗe su ana gyarawa, kuma batirinsu da kibod ɗinsu da allonsu ana samunsu a nan Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja.

Na zaɓi waɗannan ukun ne saboda wani dalili na musamman. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance tana buƙatar injin Intel na zubi na takwas zuwa sama. Ana gane wannan daga lambar injin, misali i5-8250U ko i5-8350U, inda lambar farko bayan ɗan layin take nuna zubin. Tsofaffi irin su X250 da X260 suna da ƙarfi kuma sun fi araha, amma ba sa cikin jerin da Microsoft ta amince da shi, don haka mai su ko dai ya zauna a Windows ɗin da ba ta samun gyaran tsaro, ko ya koma Linux Mint, wani tsarin gudanar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Ki lura kuma cewa RAM ɗin X280 a manne yake, saboda haka kada ki karɓi mai ƙasa da giga 8, amma na EliteBook 830 G5 ana iya ƙara shi daga baya.

Ranar da za ki saya, ki tafi da wanda ya sani, kuma kada ki biya sai an kunna a gabanki. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin lokacin da yake sabo da kuma abin da ya rage masa yanzu, idan ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ki nemi a sauya shi ko a rage miki kuɗi. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a tabbatar babu kalmar sirri a kanta, a danna kowane harafi na kibod, a gwada kowace kafar USB da filashi, a kuma buɗe allon a rufe shi sau da yawa domin a ga ko maƙallansa sun saki.

Jami'ar tattara bayanan lafiya, Dutse

Malama, sannu da ƙoƙari. Ban musanta abin da Malam ya faɗa game da manhaja ba, amma ina ganin ya wuce batun wuta da sauri, alhali shi ne abin da kika fi kuka da shi. Aikina yana kai ni ƙauyuka inda babu wutar lantarki sam, kuma da tabilet nake cike takardun bincike ta manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, in rubuta rahoton ranar, in tura da layin da ke cikinta. Abin da na gani shi ne, na'urar da take kunne lokacin da kike buƙatarta ta fi wadda ta fi ta iyawa amma take jiran a kawo wuta.

Lissafin a bayyane yake. Tabilet irin Samsung Galaxy Tab A9+ batirinta mAh 7,040 ne, Redmi Pad SE kuma mAh 8,000, wato tsakanin wat-awa (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka) 27 zuwa 31, kuma da wannan ɗan ƙarfin take yin wuni guda ana karatu da rubutu, saboda injinta irin na waya ne, ba ya cin wuta. Laftop mai inci 12 batirinta yakan kai wat-awa 45 zuwa 50 lokacin da yake sabo, amma injinta ya fi ci, kuma batirin ta hannu ya riga ya tsufa, don haka awa uku zuwa biyar za ki sa rai. Bayan haka, tabilet tana caji da kowace cajar waya, da fawa bank na gama-gari, da ƙaramin faifan sola, har ma a shagon masu cajin waya na bakin kasuwa, ita kuwa laftop tana neman caja mai wat 45 ko 65. Tabilet ba ta da fanka a cikinta, saboda haka ƙurar hunturu ba ta samun hanyar shiga, alhali kuwa duk mai laftop a Arewa ya san yadda fanka take toshewa injin ya riƙa zafi a watan Maris da Afrilu. Sannan sabuwa ce, da garantinta, babu wanda ya taɓa buɗe ta.

Ga karatu kuma babu haɗi. Littafi a tabilet kina riƙe shi a tsaye kamar shafin takarda, kina iya shiga aji da ita a hannu ɗaya, ki ɗauki hoton allo ko rajistar ƙungiya da kyamararta.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata ki sani idan kin karkata zuwa gare ta. Na farko, Microsoft tana barin a yi rubutu da gyara kyauta a Word da Excel ne kawai a na'urar da allonta bai wuce inci 10.1 ba, idan ya wuce haka sai an biya kuɗin Microsoft 365, don haka a tabilet mai inci 11 za ki koma Google Docs da Google Sheets ko WPS Office, waɗanda a wasu lokuta suke ɗan sauya tsarin takardar da aka shirya a Word, musamman mai teburi da yawa. Na biyu, kada ki sayi mai RAM ƙasa da giga 4, kuma ki guji waɗanda ba a san kamfaninsu ba, domin ba sa samun sabuntawa, kuma idan gilashinsu ya fashe da wuya a sami madadinsa. Ni dai rahotannina gajeru ne, shafi biyu zuwa uku, kuma a wannan tsayin kibod ɗin Bluetooth bai taɓa takura mini ba. Idan naki rubutun yana kai shafi ashirin a zama ɗaya, to maganar ta sauya.

Malamar sakandare, Gusau

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya, kowannenku ya buɗe mini ido a kan abin da ban yi tunaninsa ba. Rubutuna yana da tsawo a lokacin jarrabawa, domin nakan shirya tambayoyin azuzuwa da dama a mako ɗaya, sauran lokuta kuwa gajere ne. Akwai tambayoyi biyu da suka rage mini. Ta farko, tunda Hausa nake koyarwa, dole ne rubutuna ya fito da ɓ da ɗ da ƙ daidai, to a wace daga cikinsu wannan ya fi sauƙi? Ta biyu, wani ɗan'uwana ya nuna mini hoton wata kwamfuta ƙarama ƙwarai mai Windows, wadda allonta bai fi inci 7 ko 8 ba kuma tana shiga jakar hannu, ya ce ta haɗa amfanin biyun. Shin wannan hanya ce da za a duba?

Malamin kwalejin ilimi, Zariya

Malama, bari in fara da tambayarki ta biyu, domin wannan tunani na a matse cikakkiyar kwamfuta ta koma girman littafin aljihu an daɗe ana gwada shi, kuma tarihinsa yana da abin koyo. A 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC 701, mai allo inci 7 da ma'adana giga 4, a farashi mai rahusa, kuma ta samu karɓuwa sosai har sauran kamfanoni suka bi sahu da abin da aka riƙa kira netbuk. Da yawa daga cikinmu da muke karatu ko koyarwa a lokacin mun yi aiki da su. Amma bayan fitowar iPad a 2010 kasuwarsu ta fara ja da baya, kuma zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera su. Abin da ya kashe su shi ne sun tsaya a tsakiya: kibod ɗinsu ya yi ƙanƙanta ga mai dogon rubutu, injinsu na Atom ya yi rauni ga Windows, ga mai karatu da kallo kuma tabilet ta fi su daɗi.

Irin wadda ɗan'uwanki ya nuna miki, mai yiwuwa daga cikin na kamfanin GPD ne na Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya fitar da GPD Pocket mai inci 7 a 2017. Injinan yanzu sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, amma girman yatsun ɗan Adam bai sauya ba. A cikakken kibod, tazarar da ke tsakanin tsakiyar harafi da na kusa da shi kusan milimita 19 ce, laftop mai inci 12 tana kusa da wannan, amma mai inci 7 dole ta matse haruffan ta kuma sauya wa wasu wuri, sai mai rubutu ya koma duba yatsunsa. Bugu da ƙari ba su da araha, sau da yawa sun fi laftop ta hannu tsada, kuma idan wani abu ya lalace sai an yi odar kayan gyaransa daga waje. Suna da amfani ga injiniyan da ke hawa da sauka yana duba na'urorin sadarwa, amma ban ga dacewarsu da malama mai shirya jarrabawa ba.

Game da haruffa masu lanƙwasa kuwa, a Windows akwai tsarin kibod na Hausa da ake ƙarawa daga sashen harsuna, akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta, kuma ko ba su ba kina iya saita Word ta yadda haɗa maɓalli biyu zai fitar da ɗ ko ƙ duk lokacin da kike so. A tabilet, Gboard, wato kibod ɗin Google na kan allo, yana da Hausa kuma yana aiki da kyau muddin a kan gilashi kike dannawa. Matsalar takan taso ne idan aka haɗa kibod na waje, domin a lokacin tsarin haruffan da kamfanin tabilet ɗin ya tanada ne yake aiki, kuma ba kowanne ne ya saka Hausa ba. Idan za ki sayi tabilet, ki gwada wannan a shagon da kibod ɗin a haɗe kafin ki biya. Ko wacce kika saya, ki riƙa mayar da takardar jarrabawa PDF kafin ki kai a buga, saboda wasu nau'o'in rubutu ba su da waɗannan haruffa, sai su fito a matsayin ƙananan akwatuna a wata kwamfutar.

Ra'ayina a taƙaice ya fi kusa da na mai gyara, kuma dalilina wani abu ne da ke cikin saƙonki na farko. Kina da wayar Android a hannu, kuma kusan duk abin da tabilet za ta yi miki, wayar tana yin sa ko da a takure: karanta PDF, WhatsApp, ɗaukar hoto, shiga intanet. Abin da wayar ta kasa har kike zuwa shagon buga takardu, shi ne laftop take yi. Idan kika sayi tabilet kin faɗaɗa abin da kike da shi ne, idan kika sayi laftop kuma kin sami abin da ba ki da shi, wayar kuma ta zama mai ba ta intanet. Akwai kuma wata fa'ida ta gefe, wato tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, don haka laftop a gida dama ce ga yara su saba da kibod da linzami tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa. Duk da haka hujjar Hajiya game da wuta tana nan da ƙarfinta, kuma ina fatan Malam zai faɗa mana yadda ake magance ta ba tare da janareta ba.

Mai gyaran kwamfuta, Titin Beirut, Kano

Gaskiya ne, Malam, kuma abin da Hajiya ta faɗa game da tsufan batiri da ƙura haka yake. Wani dalilin da ya sa na ambaci waɗancan laftop uku shi ne dukkansu suna karɓar caji ta kafar USB-C. Wannan yana nufin ana iya cajinsu da fawa bank, amma ba kowanne ba, sai wanda aka rubuta masa PD, wato mai iya ba da caji mai ƙarfi ta USB-C, kuma yake fitar da wat 45 ko 65 a kan bolt 20, tare da igiyar da za ta iya ɗaukar wannan ƙarfi. Fawa bank mai mAh 20,000 yana ɗauke da kusan wat-awa 74, batirin X280 kuma wat-awa 48 ne, don haka bayan an cire abin da ke salwanta wajen caji, zai cika laftop ɗin sau ɗaya da ɗan ragi. Idan aka haɗa wannan da batiri mai lafiya, aka rage hasken allo, aka kashe Wi-Fi lokacin da ake rubutu kawai, mutum zai iya yin aikin wuni guda ba tare da wutar gida ba, kuma shi kansa fawa bank ɗin ana iya kai shi caji makaranta ko wurin mai sola.

Saboda haka, Malama, kada ki zuba duk kuɗinki a kan laftop ɗin kanta. Ki ware wani kaso na sabon batiri idan rahoton ya nuna na ciki ya gaji, da na fawa bank mai PD, da na filashi ɗaya ko biyu da za ki riƙa ajiye kwafin makin ɗalibai da lissafin ƙungiya, tunda waɗannan amana ce a hannunki. Idan kuɗin ba zai kai ga duk wannan ba, kuma a unguwarku ana kwanaki babu wuta, to a nan zan koma bayan Hajiya, ki sayi tabilet mai inci 10.1 ta kamfanin da aka sani, ki riƙa kai aikin jarrabawa ofishin makaranta har Allah ya hore. Batun fanka kuwa, a buɗe laftop ɗin a share ta sau ɗaya bayan hunturu ya wuce, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko filo lokacin aiki, domin ta ƙasa take shaƙar iska.